Na biya kuɗi na buga bolin da ƙwararriya a Japan, ga yadda na ga abin

Jama'a masu yawan tambayata wai ina mutum zai je ya ɗan motsa jiki a ƙasar nan in an shiga sanyi ko lokacin ruwan nan na watan Yuni da ba ya ƙarewa, to ga wani abu da na gwada kuma na ga ya kai a yi dogon bayani a kansa. Ajin koyon bolin ne na sati shida, da kuma abin da suke ce wa purochare, wato ki biya kuɗi ki buga wasa tare da ƙwararriyar 'yar wasa mai lasisi, duk a gidan bolin na unguwarmu a nan Saitama. Ba nan kaɗai ake yi ba, kusan duk gidan bolin da ya amsa sunansa a Japan yana da irin wannan tsarin, in kin shiga za ki ga fosta manne a bango da hoton 'yar wasan da ranar da za ta zo. Hukuncina tun daga farko: ajin ya fi ƙarfin kuɗinsa nesa ba kusa ba, shi kuma purochare yana da daɗi amma akwai gyara, zan zo kansa.

Ga wanda bai taɓa shiga ba, wasan dai shi ne ki gangara ƙwallo mai nauyi a kan dogon layi mai santsi ki kayar da wasu farare guda goma masu siffar kwalba da aka jera a can ƙarshe, ni kwalabe nake ce musu duk da na katako ne an lulluɓe da roba, kowace ɗaya ta kai kilo ɗaya da rabi. Daga layin da ba a tsallakewa zuwa kwalbar farko ƙafa 60 ne, mita 18 da 'yan kai kenan. Wasa ɗaya zagaye 10 ne, kowane zagaye kina da jifa biyu, in kika share su duka a jifan farko kin yi sitiraik, in sai a na biyu kika ƙarasa kin yi sifiya. Maki mafi yawa da ɗan Adam zai iya ci 300 ne kuma sai kin jera sitiraik 12 ba kuskure ko ɗaya, don in kika yi sitiraik a zagaye na goma ana ƙara miki jifa biyu. Na'ura ce ke lissafi a allo ba sai kin wahalar da kanki ba.

Wurin namu tsoho ne, da gani kin san ya ga jiya, bene na biyu a saman wani kanti, kafet ɗin ya koɗe amma fes yake, kin san mutanen nan da tsafta. Kuɗin wasa ɗaya yana kaiwa yen 600 zuwa 700 ya danganta da rana da lokaci, da safe a ranakun aiki ya fi araha sosai, hayar takalmi kuma wajen yen 400. Takalmin inji ne ke bayarwa, ki danna lambar ƙafarki a santimita ya faɗo miki, don haka ki san lambarki kafin ki je kuma ki tafi da safa, ba a sawa ƙafa tsirara. Ajin na sati shida gaba ɗayansa kuɗin bai wuce abin da mutum zai kashe a zuwa biyu na ganin dama ba, har da takalmi da ɗan littafi da shayi a ciki, kuma ba ɓoyayyen abu ba ne dalilin arahar, so suke ki saba ki shiga kulob ɗinsu na mako-mako ki zama 'yar gida. Ni ban ga laifin hakan ba tunda ba a tilasta wa kowa.

Malamar ita ce komai a wannan ajin wallahi. Mace ce da ba ta cika tsayi ba, siririya, tana da lasisin ƙungiyar ƙwararru ta JPBA, lambar lasisinta da sunanta a rubuce a bayan riga tare da tambarin kamfanonin da ke ɗaukar nauyinta. Ranar farko ba ta ce komai ba sai da ta ɗauki ƙwallonta mai laba 15, kusan kilo 7 fa, ta taka a hankali ta sake ta ko ƙara ba ka ji a ƙasa, ƙwallon ta tafi gefen dama har kamar za ta faɗa kwatar da ke gefen layin, sai da ta ci kusan kashi biyu cikin uku na hanya sannan ta lanƙwasa da kanta ta shige tsakanin kwalba ta ɗaya da ta uku, komai ya watse. Samarin da ke layin gefe suna ta wurgi da ƙarfin tsiya ƙwallo na dukan ƙasa dum, ita ko gumi ba ta yi ba. Daga nan ta fara mana bayani cewa ƙarfi ba shi ne ba, hannu bari ake yi ya yi lilo da nauyin ƙwallon, kuma duk macen da ta taɓa daka ta san wannan, taɓarya ce ke aiki ke dai ɗagawa da saiti ne naki, in kika sa ƙarfin kafaɗa kin gaji a banza kuma hatsi ya fantsame.

Abu na biyu da ta dage a kai shi ne ido. Kusan dukkanmu kwalaben muke kallo tunda su muke son kayarwa, ta ce a'a. Akwai wasu 'yan kibiyoyi guda bakwai da aka zana a kan layin wajen ƙafa 15 daga inda kike sakin ƙwallo, su ake kallo, mai hannun dama ta fara da kibiya ta biyu daga dama. Layin kansa sirarran falankai 39 ne a jere kuma kowace kibiya falanki biyar ne tsakaninta da 'yar uwarta, to kibiya ta biyu tana kan na goma kenan, da wannan lissafin suke magana gaba ɗaya, za ki ji ana cewa matsa falanki biyu hagu, dawo ɗaya dama. Taku huɗu ake yi, a takun farko ki tura ƙwallon gaba, na biyu ta sauka, na uku ta kai ƙarshen baya, na huɗu ki zame da ƙafar hagu ki saki, hannunki ya tashi sama a tsaye yadda ake miƙa shi wajen gaisawa. Haka take bin mu ɗaya bayan ɗaya ta tsaya a baya tana kallon ƙafa ba ƙwallo ba, ni da ta zo kaina yatsa ɗaya ta sa ta dafa gwiwar hannuna ta matsar da ita jikin haƙarƙarina ta ce in sake, kuma tun daga ranar ƙwallona ta daina karkacewa hagu. Minti biyu bai cika ba. Wannan ne abin da kike biya wa kuɗi, bidiyon intanet ba zai ga gwiwar hannunki ba.

Yawancin 'yan ajin dattawa ne, mata 'yan shekara sittin da saba'in, har da wata baba da ta ce ta haura tamanin tana jefa laba 9 abinta, kuma a bakinsu na fara jin sunan Ritsuko-san, ba a yin shayin bayan aji ba a ambace ta ba. Ritsuko Nakayama kenan, an haife ta a 1942, ta tashi a Kagoshima can kudu, 'yar wasan ƙwallon raga ce kafin ta koma bolin. An kafa JPBA a 1967, sai a 1969 aka yi jarrabawar farko ta mata ƙwararru, Kayoko Suda ta zo ta ɗaya ta karɓi lasisi mai lamba 1, Nakayama ta karɓi lamba 2, kuma hamayyar da ke tsakanin su biyun ce ta riƙe mutane a gaban talabijin shekara da shekaru. Ranar 21 ga Agusta 1970 a gidan bolin na Fuchu a Tokyo Nakayama ta jera sitiraik 12 cif ta ci 300 a gaban kyamara, mace ta farko da ta yi haka a talabijin, daga nan ƙasar ta rikice. Ta yi tallar man wanke gashi na kamfanin Kao da aka sa sunanta a cikin waƙar, babannin nan har yau suna rerawa suna dariya, ɗaya ta ce min lokacin tana sabon aiki sai su yi layin awa uku huɗu kafin su samu wurin bugawa, wasu kuma da asuba suke zuwa su buga kafin su wuce ofis. A 1972 gidajen bolin a Japan sun kusa 3,700. Sai rikicin man fetur na 1973 ya zo, yayin ma dama ya fara sanyi, cikin 'yan shekaru adadin ya faɗo ƙasa da dubu ɗaya, manya-manyan gine-gine suka koma kanti da sito. Yanzu ɗaruruwa ne suka rage kuma kullum raguwa suke.

Abin da ya sa nake ganin girman matar nan ba 300 ɗin ba ne kawai, ko kofuna 33 da ta ci. Lokacin da kasuwar ta mutu kowa ya watse ita ba ta gudu ba, ita da Suda abokiyar hamayyarta suka haɗa kai suka kafa ƙungiyar bolin ta mata, JLBC, a 1976 don matan gida su samu wurin haɗuwa su ci gaba da wasan. Suda ta rasu a 1995 da kofuna 43. Nakayama ta zama shugabar JPBA gaba ɗaya a 2004, maza da mata a ƙarƙashinta, kuma a zamaninta aka fara shirin P★League a tashar BS Nittele a 2006, gasar mata zalla da ta dawo da 'yan wasa mata gaban kyamara ta sa matasa suka san sunayensu. To in kika ga yau akwai fosta a bangon wani tsohon gidan bolin a Saitama an ce wance za ta zo ranar Asabar kuma wuri ya cika, zuriyar wancan aikin ne. Kuma kada a ɗauka a gida kawai suke zakara, Katsuko Sugimoto ta je Amurka ta ci gasar Queens sau biyu a jere, 1981 da 1982, Shinobu Saito wadda da 'yar jifan mashi ce ta ci US Open na mata a 1982 kuma tana da kofuna 74 a Japan, Kazue Inahashi ita ma ta ɗauko Queens a 1984. A 'yan shekarun nan kuma sunan da za ki fi ji shi ne Urara Himeji 'yar Osaka.

To purochare ɗin. Ranar da na je wata ƙwararriyar ce daban ba malamarmu ba, baƙuwa ce da aka gayyato, matashiya, ta iso da jirgin ƙasa tana jan jaka mai taya da ƙwallaye uku a ciki da wata a kafaɗa, ku lissafa nauyin da kanku. Na biya yen 3,000 na wasa uku. Tsarin shi ne ana raba mutane a layuka bibbiyu, ana jefawa a na hagu sannan na dama ana musanyawa kamar yadda ake yi a gasa ta gaske, ita kuma tana zagayawa daga rukuni zuwa rukuni. Ana ƙara wa mata da tsofaffi da sababbi maki na rangwame, in makinki da rangwamen ya wuce nata kin ci ƙwararriya kenan a ba ki 'yar kyauta, tawul ko shinkafa ko takardar wasa kyauta, daga ƙarshe a yi hoto ta sa hannu a riga ko a kati.

A nan ne na ga abin da ban taɓa sanin yana cikin wasan ba, wato mai. Ashe santsin nan da ake gani mai ne inji ke shafawa a layin, daga farko zuwa wajen ƙafa 40, sauran a bushe, kuma tsakiya ya fi gefe yawan man. Shi ya sa ƙwallon ke zamewa tukuna sai ta kai busasshen wuri ta kama ƙasa ta lanƙwasa. Kuma man ba ya zama yadda aka shafa shi, duk jifa yana ɗiban wani yana tura wani gaba, to layin da kika buga a zagaye na biyu ba shi ne na zagaye na takwas ba ko da idonki bai ga bambanci ba. Ita tana gani. Na zauna dab da ita ina kallo, ta yi jifa ɗaya ƙwallon ta shiga da ɗan wuri ta bar kwalba ta huɗu a tsaye, ba ta ce uffan ba, ta ɗauki tawul ta goge ƙwallon tana duba zoben man da ya fito a jikinta, da ta dawo sai na ga ta matsar da ƙafarta falanki biyu zuwa hagu, ta jera uku a jere. Can kuma kwalba ta goma ta tsaya mata ita kaɗai a lungun dama, wadda ita ce ciwon kan duk mai hannun dama, sai ta ajiye waccan ƙwallon ta ɗauko wata ta roba mai ƙyalli da ba ta lanƙwasawa, ta koma can ƙarshen hagu ta jefo ta a karkace miƙe sak, ƙwal. Kowa ya tafa ana naisu kaba, yabon da ake wa wanda ya yi sifiya kenan, ta juyo ta rusuna ta bi mu ɗaya-ɗaya tana taɓa hannu. Duk wannan fa a wasa na tara ko na goma da ta yi a ranar, don akwai zaman rana kafin namu na yamma, kuma gobe tana wani gari.

Wannan ya sa na fahimci yadda rayuwarsu take. Kafin a ba mace lasisin nan sai ta yi jarrabawar da ake kwana huɗu ana bugawa, wasa 12 kullum, kuma matsakaicin makinta ya kai 190, wannan zagayen farko ne kawai akwai na biyu, sannan horo da rubutu. Mu da muke murna in mun haura 120 sai mu san inda muke. Amma bayan duk wannan wahalar kuɗin da ake ci a gasa bai kama ƙafar na golf ba, kuma ita ke biyan kuɗin shiga da na jirgi da na otal, in ba ta kai zagayen kuɗi ba ta dawo hannu rabbana. Don haka mafi yawansu abincinsu yana wajen albashin gidan bolin da suke aiki, da kwangilar kamfanin ƙwallo, da koyarwa, da irin wannan zagayen na purochare. Malamarmu ma in ba aji kina iya ganinta a kanta tana karɓar kuɗi ko tana cikin shago tana huda ƙwallo. Ni kam da na gane haka sai yen 3,000 ɗin ta daina yi min yawa.

Amma fa akwai abin da bai min ba kuma zan faɗa. Mutane sun yi yawa a ranar, ita ɗaya ce, sai ya zama rukuninmu bai same ta ba sai na ɗan lokaci, kafin ki saki jiki ki yi tambaya har an tafa an ce ta matsa gaba. Kuma akwai 'yan gani-kashe-ni, maza masu bin ta gari-gari da rigar da ke da sunanta da kyamara mai dogon baki, su sun san tsarin sun san inda za su tsaya, baƙo in bai yi da gaske ba sai ya tashi bai samu ko kalma ɗaya da ita ba. Ba su da rashin kunya ko kaɗan, ladabi kam akwai, amma ya kamata masu wurin su rage adadin mutane ko su ware wa sababbi lokacinsu. Sannan purochare ba aji ba ne, kada ki je da niyyar za a koya miki, tana iya ba ki shawara ɗaya in kin tambaya amma wasa ta zo yi. In koyo kike so ajin za ki shiga. Injin layinmu kuma ya tsaya har sau biyu ƙwallo ta maƙale a ciki sai da aka kira makaniki, tsufa ne ba komai ba, sun ba da haƙuri sosai amma ya katse mana zafin wasa. Na ƙarshe shi ne yare, komai da Japananci ne, fom da sanarwa da bayani, malamar tana ƙoƙari da hannu da 'yan kalmomin Turanci kuma da yake abin na jiki ne ana fahimta, amma bayanin mai da lissafin falanki sai da wata 'yar aji ta riƙa maimaita min a hankali.

Shagon da ke ciki ma ya cancanci magana don a sati na huɗu za a fara yi miki zancen mai boru, wato ki mallaki taki ƙwallon. Na so in ƙi amma da aka bari na gwada sai na ga gaskiyarsu. Ƙwallayen haya ramukansu an huda su ne don kowa da kowa, in kina son mai nauyi ramin ya yi miki faɗi, in ramin ya dace ƙwallon ta yi sakayau, sai ki riƙa matsewa da babban yatsa don kada ta kuɓuce kuma wannan matsewar ce ke gajiyar da hannu. Taki kuwa aunawa ake yi. Malamar ta kama hannuna ta lanƙwasa kowane yatsa ta ga iya inda yake kaiwa, ta sa babban yatsana a ramukan gwaji ɗaya bayan ɗaya har aka samu wanda yake fita sumul ba tare da ya yi sako-sako ba, ta auna tazarar da ke tsakaninsa da na tsakiya da na zobe, ta rubuta a kati da suke ajiyewa da sunanki, sannan ta zana layi da fensir mai launin rawaya a jikin ƙwallon ta ɗaura ta a injin huda. Bayan ta gama ta bi bakin ramin da 'yar wuƙa da samfefa tana gogewa tana ba ni ina gwadawa har sai da na ce ya yi. Na tashi daga laba 10 na haya zuwa 12 kuma wallahi ta fi min sauƙin ɗauka. Ta ba ni wani ɗan tef da ake liƙawa a cikin ramin saboda yatsa yana kumbura da zafi ya motse da sanyi. Da yake ni 'yar aji ce sun yi min rangwame a ƙwallon da jaka da takalmi, amma ku sani ƙwallaye masu lanƙwasa sosai na kamfanoni irin su Storm da Brunswick da ABS suna haura yen 20,000 cikin sauƙi, kuma sabon shiga ba ya buƙatarsu, ita da kanta ta hana ni saya ta ce sai hannuna ya zauna. Mai shago ya hana ka kashe kuɗi, wannan kaɗai ya sa na yarda da ita.

'Yan uwa mata, maganar sutura tunda na san za a tambaya. Da hijabina nake bugawa ba wanda ya taɓa ce min komai ko ya yi min kallon banza, sai dai ki sa ƙarami wanda ba zai sauko ya rufe hannu ba ko ki soke shi a cikin riga, don babba yana kama ƙwallon in ta zo wucewa ta gefe. Doguwar riga mai jan ƙasa ko zani ba za su yi ba saboda takun ƙarshe zamewa ake yi gwiwa ta lanƙwashe sosai, ni wando mai faɗi nake sawa da riga har gwiwa. Ki cire zobe da awarwaro, ki yanke farce in ba haka ba zai tsage. Lalle ba ya hana komai, babannin ajin ma sai da suka riƙe hannuna suna kallo suna tambaya. In taɓa hannu da maza bayan sitiraik bai kwanta miki ba ki ɗan rusuna da murmushi kawai ko ki tafa, suna ganewa nan take ba sa matsawa. Ajin safe kusan mata ne zalla ma. Ɗakin salla babu, ni nakan daidaita lokaci ne in zaɓi ajin ƙarfe goma da ake tashi kafin azahar, kuma in kika shiga banɗaki ki cire takalmin wasan ko ki sa masa marufi, ɗigon ruwa ɗaya a tafinsa zai sa ki cije a wurin zamewa ki kifa. Abinci kuma ban ba da shawara ba, ɗan abin da suke sayarwa soye-soye ne da taliyar kofi kuma yawanci akwai naman alade ko romonsa a ciki, ki tsaya a shayi da ruwa na inji ki ci a gida. Ana sayar da giya da dare musamman Juma'a da Asabar lokacin da ma'aikata ke zuwa a ƙungiya, in da yara za ki je ki je da rana. Hayaƙin sigari dai Alhamdulillahi babu a wurin wasa tun dokar da ta fara aiki a Afrilun 2020, an ware musu ɗan ɗaki can gefe.

Akwai ladubban da za su sa a ga mutuncinki. In ke da na layin gefe kun tashi lokaci ɗaya na dama ne ke fara jefawa, ki koma baya ki jira, wannan suna ɗaukarsa da muhimmanci ƙwarai. Kada ki ɗauki ƙwallon wani ko da kalarta ta burge ki. Kada ki tsallake layin nan baƙi, ba don maki kawai ba, bayansa mai ne kuma faɗuwar ba ta da kyau. In kin gama ki goge ƙwallon haya ki mayar inda kika ɗauko. Yara kuma akwai musu ƙwallaye marasa nauyi masu ramuka biyar da shingen da ake tayarwa ya toshe kwata, da wata 'yar gangara da ƙaramin yaro zai ɗora ƙwallo ya tura, sai ki faɗa a kanta tun wajen biya.

Wanda hayaniya da wasannin inji da karaoke yake so ya tafi manyan wurare irin Round1, suna ko'ina kuma an yi su ne don nishaɗin matasa. Wanda kuma yake son ganin abin mamaki in ya bi ta wajen Nagoya ya leƙa Inazawa Grand Bowl, layi 116 ne a jere a bene ɗaya. Amma koyo a hannun ƙwararriya a ƙananan gidajen unguwa aka fi samunsa da araha da natsuwa. Ki je kanta ki tambayi kenko boringu kyoshitsu, ajin bolin na lafiya kenan, yawanci suna buɗe sabon zagaye lokaci-lokaci kuma guraben ba su da yawa, da waya ko a kanta ake rijista. Purochare kuma ki bari sai kin gama ajin kin iya ladubban, ki zaɓi na ranar aiki ba na ƙarshen mako ba don mutane sun fi ƙaranci, ki tambaya tun wajen rijista mutum nawa za a sa a kowane layi, in sun wuce huɗu ki jira wani zuwan. Ranar 22 ga Yuni kuma ita ce ranar bolin a Japan, saboda a irin ranar ce a 1861 wata jaridar Turanci a Nagasaki ta buga tallar buɗe gidan bolin a unguwar baƙi, gidaje da yawa suna yin rangwame ko su gayyato ƙwararru a makon, namu ma sun ce za su kawo mata biyu a rana ɗaya kuma na riga na sa sunana a zaman safe.